Ɗauka ta Goma Sha Ɗaya

Da yammacin wata Talata, ana fitowa daga sallar magariba, Maigadi ya sa aka fito da talabijin tsakar gida. Ba gadi yake yi ba, bai ma taɓa yi ba. Ɗan wasan fim ne, sai dai shekara ashirin da biyu ke nan ba a ba shi wani matsayi sai na mai buɗe wa masu hali ƙofa, ya rusuna ya ce sannu da zuwa, a wuce shi da mota. Sunan ya bi shi har gida, har surukansa da shi suke kiransa in ya ba da baya. Sai a bana, bayan gemu ya yi fari, wani darakta ya dube shi da kyau ya ba shi babban matsayi a shiri mai dogon zango: uba matalauci da ya je kango yana roƙon aljanu arziki. A ranar ne za a fara haska tallan shirin, dab da labarai.

Matarsa tana bakin famfo tana wanke kwanuka, tana yi kamar abin bai dame ta ba, alhali ta juya kujerarta yadda za ta gani. Auta, ƙaramar 'yarsu mai shekara goma sha shida, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu tun da yayyenta suka tafi gidajensu, ta baje a tabarma tana tsokanar ubanta, wai Allah ya sa yau ba ƙeyarsa kawai za a nuna ba. Shi kuwa ya sa sabuwar riga, a gidansa, don kallon kansa.

Tallan ya zo. Fuskarsa ta cika gilashin, hawaye na bin gemunsa, bayansa wani ɗaki mai tsagaggen bango. Muryarsa ta fito a hankali, tana rawa:

"Ku da ke cikin gidan nan, na san kuna ji na. Ku ba ni abin da na zo nema. Ku biyo ni gida, na ba ku Auta."

Auta ta miƙe tana tafi, tana cewa an kira sunanta a talabijin, gobe makarantarsu sai ta yi mata kaɗan. Uwar ba ta yi dariya ba. Ta tsaya da kwano a hannu, kumfa na ɗiga, ta tambaye shi ko yarinyar cikin labarin ma sunanta ke nan. Ya ce a'a, suɓutar baki ce, darakta kuma ya ji ta yi masa daɗi ya bar ta.

"Baban Auta," ta ce, "kai ubanta ne. Bakinka ba irin na kowa ba ne."

A daidai lokacin ne ya lura unguwar ta yi tsit. Babu kukan yara, babu ƙarar babur, har kajin maƙwabta da ke ta mutsu-mutsun kwanciya sun daina. Duhu ya sauko ya zauna a tsakar gidan da nauyinsa. Sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano, ya gangaro a hankali, ya dire a bakin tabarma, dab da ƙafar Auta.

Maigadi ya ɗauka yana faɗan yaran unguwa marasa tarbiyya. Amma ba dutse ba ne. Ɓallin bango ne, gefe ɗaya da shuɗin fenti wanda ya koɗe, kuma da ɗumi a jikinsa kamar an daɗe ana riƙe da shi a hannu. Ya san fentin nan. Wuni guda ya yi yana kallonsa. Ya jefa ɓallin bayan tankin ruwa, ya ce a shigar da talabijin, sauro ya yi yawa.

Wata biyu kafin nan aka ɗauki fitowar, a wani gida da aka daɗe da barin sa a bayan gari. Sun shiga da fitilu da wayoyi da hayaniya, ba wanda ya yi sallama, shi ma bai yi ba. Sau goma yana faɗin maganar yadda aka rubuta, sau goma darakta na girgiza kai, wai idonsa a bushe yake. Rana ta sunkuya, hasken da ake so yana ƙarewa. Darakta ya ja shi gefe ya gaya masa a kunne cewa furodusa, mai kuɗin shirin, tun farko wani yake so, ba shi ba, kuma in aka tashi yau babu fitowar nan, gobe ba sai ya zo ba. Sannan ya ba shi dabarar da duk ɗan wasa ya sani, wadda ake nemo hawaye da ita: ya manta da yarinyar takarda, ya sa tasa ta gaske a gabansa.

Ya sa ta. Hawaye suka zo, sunan ma ya zo. Da darakta ya ce a yanke, ba wanda ya motsa, mai riƙe fitila ma kuka yake. Mai ɗaukar sauti ne kawai ya zare abin kunnensa da sauri, ya ce shi fa ya ji kamar wani ya amsa da "to". Aka yi masa dariya, aka naɗe wayoyi. Akwai kuma abin da ya gifta a zuciyar Maigadi a cikin ɗaukar nan ta goma sha ɗaya, wanda bai gaya wa kowa ba.

Daga Talatar nan, gidan ya rabu biyu, na rana da na magariba. Da rana Maigadi ya zama mutum. Masu shago suna ba shi hannu biyu, direbobi suna danna masa hon, waɗanda suka shekara ba su amsa kiransa ba suna kiransa su ce dama sun san akwai ranar nan. Da magariba kuwa, ko ya kashe talabijin ɗinsa, sai ya ji muryarsa tana tsallako katanga daga gidan dama da na hagu, tana ba da 'yarsa. Tana yin shiru, jifa ya fara. Ɗaya ranar farko, uku washegari, daga baya aka daina ƙirgawa. Maƙwabta suka hau katanga da tocila, ba su ga kowa ba, kuma ko tsakuwa ba ta taɓa faɗa wa rufinsu ba.

A rana ta huɗu suka ji sallama daga bayan tanki, muryar tsohuwa, a natse, irin ta baƙuwar da ta san ana jiran ta. Maman Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tuna babu ƙofa a wajen, ta toshe bakinta da mayafi.

Auta ta daina tsokana, sannan ta daina cin abinci. In la'asar ta yi sanyi sai ta yi wanka, ta ninke kayanta ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure a zane, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki da ƙunshin a cinya tana kallon zaure. In an tambaye ta ina za ta, sai ta ce ita ma ba ta sani ba, an dai ce ta shirya. An kai ta asibiti, an ɗebi jini, an ce lafiyarta ƙalau, gajiyar karatu ce.

Uwar ta ce a kira malami. Maigadi ya ce a dakata tukuna. Ya kawo dalilai, duk masu kyau: kada a ɓata wa yarinya suna, kada unguwa ta samu abin yi da su. Dalilin da bai faɗa ba shi ne, saura mako biyu a fara haska shirin, kuma in labari ya kai kunnen furodusa bai san me zai biyo baya ba. Yana son 'yarsa, wannan ba a musu. Amma mutumin da ya shekara ashirin da biyu a bakin ƙofa, in aka ce masa shigo, ba ƙaramin abu ne zai sa ya juya ba, kuma ya ji kunyar kansa a duk kwanakin nan.

A rana ta takwas, muryar tana ƙarewa a gidan maƙwabta, Auta ta miƙe da ƙunshinta ta nufi zaure ba takalmi. Maigadi ya sha gabanta. Ta ture shi da hannu ɗaya, yarinyar da bokitin ruwa ke gagarar ta, sai da bayansa ya bugi bango. Shi da uwar da wata maƙwabciya suka taru kafin suka kai ta ƙasa. Ta dube shi da idon da ba nata ba, ta ce da muryar bayan tanki:

"Kai ka bayar. Me kuma kake riƙewa?"

Washegari da sassafe ya tafi neman Malam da ƙafarsa.

Malam ya zo bayan la'asar. Ɗan ƙaramin dattijo ne mai yawan tari, riƙe da carbi da gorar ruwa, ba shi da talabijin kuma bai taɓa jin sunan Maigadi ba. Da ya tambayi sana'arsa aka gaya masa, sai ya ce wato yana faɗin abin da ba haka ba ne, masu ji kuma sun san ba haka ba ne. Maigadi ya ce haka ne. Malam ya ce to, in kowa ya sani, da sauƙi.

Maigadi ya ga an ɗauki irin wannan zaman ya fi sau hamsin. Ya san hayaƙin da ake turnuƙawa, da bulala, da malamin fim mai zare ido yana daka tsawa. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Ya ce a buɗe taga, a lulluɓe yarinyar da kyau, uwar ta riƙe kanta, uban ya zauna inda za a gan shi. Ya yi sallar magariba a tsakar gida, ya dawo ya zauna a ƙasa, ya fara karatu ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Tallan ya zo ya wuce a maƙwabta, jifa ya sauka kamar ruwan ƙanƙara, Malam bai ɗaga kai ba, bai kuma ɗaga murya ba. Aka daɗe a haka, har fitilar ɗakin ta fara lumshewa. Sai yatsun ƙafar Auta suka ƙanƙame, ƙirjinta ya ɗaga, tsohuwar ta yi magana.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba ɓarauniya ba ce. Kirana aka yi."

Malam ya tambaye ta daga ina take. Ta ce daga gidan da suka shiga da fitilunsu ba sallama, suka tattake mata shimfiɗa, ta kuma yi haƙuri. Malam ya ce mata mutumin nan wasa yake yi, sana'arsa ke nan, maganar da ya faɗa rubuta masa aka yi.

Ta yi dariya, busasshiya, daga bakin yarinyar.

"Ka ɗauka ban san wasa ba? Sau goma ya faɗa ina zaune ina kallonsa, ban motsa ba, don na san ƙarya ce. Ta goma sha ɗaya ba ƙarya ba ce. Tambaye shi abin da ya ce a ransa kafin ya buɗe baki. Cewa ya yi, in dai wannan za ta yi kyau, a ɗauki ko mene ne. Yana gama faɗa, fuskar yarinyar nan ta zo masa, bai kuma janye ba. Ya samu abin da ya roƙa. Ni ma na zo karɓar nawa."

Maman Auta ta ɗago ta dubi mijinta, tana jira ya ƙaryata. Ya sunkuyar da kai. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige, don ba a taɓa faɗin gaskiyarsa a fili haka ba.

Malam ya yi tari, ya kurɓi ruwa. Ya ce ko da uban ya yi nufi, kyautar ba ta yiwu ba, domin mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. 'Ya amana ce a hannun uba, Mai ita yana nan, kuma da sunansa ake ce mata ta fita. Ya ci gaba da karatu. Tsohuwar ta yi ƙara, ta fara ciniki. Ta ce a ba ta muryar da ta kira ta, uban ya zama bebe, ta bar yarinyar. Malam ya ce ba a ba ta. Ta ce to a bar mata bayan tanki ta zauna, ba za ta taɓa kowa ba. Malam ya ce ko taku ɗaya na gidan nan ba nata ba ne. Ya ƙara karatu, sai da muryarta ta dushe ta koma kamar ta mai roƙo.

"To yaya zan tafi, kullum magariba yana kirana daga gida dubu? In na kai bakin hanya sai in ji shi yana kuka yana cewa in biyo shi. A rufe bakin nan, in tafi."

Malam ya juyo ya ce wa Maigadi wannan kam ba kyauta ba ce ake nema, mummunar magana ce da ya wajaba mai ita ya janye. Ya tambaye shi ko ana iya tsayar da ita.

Ana iyawa. Ya san ana iyawa, ya kuma san abin da zai tafi tare da ita. Bai fi numfashi biyu ya yi shiru ba, amma tsohuwar ta ji.

"Ka gani, Malam? Har yanzu aunawa yake."

"Allah ya gafarta Malam, za a tsayar," Maigadi ya ce, muryarsa na karyewa. "Na janye. Ban bayar ba, ba zan bayar ba, ko me zai same ni."

Tsohuwar ta ce ta ba shi magariba uku. In ta sake jin muryar bayan haka, za ta dawo, kuma ba ita kaɗai ba. Malam ya ɗauki alkawarinta, ya tofa a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska. Ƙafar hagun Auta ta yi rawa, ta yi rawa, ta saki. Ta yi atishawa sau biyu, ta buɗe ido, ta ce wa uwarta tana jin yunwa.

Ɗakin tace fim ɗan tsukuku ne, allo uku da fanka mai ƙara, a nan Maigadi ya sami darakta da safe. Darakta ba mugu ba ne. Ya saurara har ƙarshe, ya dafe kai, ya ce kashi goma sha uku aka gina a kan fitowar nan, kamar a zare ginshiƙi ne a ce ɗaki ya tsaya. Duk da haka ya nemi mafita: a sake ɗauka a ɗakin da za a ƙawata kamar kango, da sunan da ke takarda. Aka kafa fitilu a ranar. Maigadi ya faɗi maganar sau tara, daidai, ba kuskure, ido a bushe. Darakta ya matso zai yi masa raɗa, Maigadi ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

Furodusa bai ɓata lokaci ba. Ya ce dama ya faɗa, a kira wanda yake so tun farko, a sake duk inda fuskar tsohon ta fito. Aka janye tallan a rana ta biyu. Maigadi bai bar ɗakin tacewa ba sai da ya tsaya a kan mai tacewa ya ga an goge ɗauka ta goma sha ɗaya daga duk inda aka adana ta. Mai tacewar ya ce a shekarunsa na aiki bai ga wasa kamar wannan ba, ya danna, allon ya yi baƙi.

Magariba ta uku ta zo, ta wuce, rufin bai yi motsi ba. Ta huɗu ma haka. Auta ta koma makaranta, kumatunta suka fara cikowa. Masu shago suka koma ba shi hannu ɗaya. Bai damu ba, ko kuwa ya damu amma yana iya ɗauka, tun da in ya shigo gida yana ganin 'yarsa tana shanya a igiya. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: tun da ta warke ba ta sake tsokanarsa ba. Malam ya ce yawanci ba sa tuna komai, shi kuma ya riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Ran nan da la'asar yana zaune yana gyaran ƙafar kujera, ta zo ta durƙusa nesa da shi kaɗan, ta ce tana da tambaya. Ta ce a ranar da Malam ya zo tana jin komai, kamar wanda ke cikin ruwa yana jin maganar mutanen da ke bakin gaɓa.

"Baba, abin da ta ce ka faɗa a ranka, gaskiya ne?"

Uwar tana ƙofar kicin. Ta kafe shi da ido, ta girgiza kai kaɗan, roƙo ne ƙarara. Ya ajiye guduma. Ya yi murmushi mai taushi, ya girgiza kai kamar wanda aka ba wa dariya da tausayi lokaci guda. Ya ce haba 'yar Baba, aljanu ai ƙarya ce abincinsu, so take ta raba su. Ya ce suɓutar baki ce kawai, kuma da za a tara masa duniya da abin da ke cikinta ba zai ba da farcenta ba. Muryarsa ba ta yi rawa ba, idonsa ya kawo ruwa daidai inda ya kamata. Har uwar sai da ta sauke ajiyar zuciya.

Auta ta daɗe tana kallonsa, ba fushi a fuskarta.

"Ka yi kyau, Baba," ta ce a hankali. "Da ban san ka ba, da na yarda."

Ta miƙe ta kwashe shanyarta daga igiya, ta shiga ɗaki, ta saki labule.